Shekarar Dami Dubu da Ƙaramin Rumbu

Wannan babin ban so a rubuta shi ba. Maganar ta ishe ni tun kafin a haifi rabinku, kuma niyyata in tafi da ita kabari in huta. Abu biyu ne suka tayar da ita. Na farko, hoton babanku wanda ɗan'uwanku Babangida ya sa aka buga a kan ƙaton ƙyalle saboda taron addu'ar da za ku yi masa bayan girbi. Na biyu, na ji shi Babangidan da kunnena yana gaya wa magini cewa ƙaramin rumbun da ke bayan ɗakina ya tsufa, a rushe shi don rumfunan baƙi su sami wuri. To ku zauna ku ji. Nafisa ce ke rubutawa, 'yar shi Babangidan, wadda ke koyar da Turanci a Funtua, na kuma ja mata kunne ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki.

Ranar da aka warware ƙyallen a tsakar gida, na ga babanku da rawaninsa, an wanke masa fuska har ya fi yadda na san shi haske. A ƙarƙashinsa an yi rubutun Turanci da manyan baƙaƙe. Na ce da Nafisa ta karanta mini. Ta ce an rubuta shi manomi ne, an kuma sa masa wata kalma a gaba, wai famous. Na ce me ke nan kuma? Ta ce shahararre ke nan, wanda ya yi suna. Da yake aikinta ne, sai ta gyara zama ta shiga yi mini karatu kamar ta sami 'yan ajinta. Wai Turawa na faɗar kalmar ga wanda mutanen da ba su taɓa ganin sa ba ma sun san sunansa. Ana faɗa wa mutum, ana faɗa wa gari, har abinci ana faɗa wa. Kuma yawanci akan haɗa da abin da aka yi sunan a kansa, kamar yadda za a ce Danja ta yi suna da rake. Na tambaye ta, in sunan mutum ya tafi a kan abin da ba a so fa? Ta ce wannan kalmarsa daban ce, ba sa haɗa su.

"To ni wacce za ku rubuta a ƙarƙashin nawa hoton?" na ce da ita.

Yarinyar nan ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. Nan na gane ita ma ta ji waƙar da aka yi mini. Duk kun ji ta, ba sai kun ɓoye mini ba. Daga Malumfashi har Dandume akwai tsofaffin da ba su san kalar fuskata ba, amma in ka ce Mai Rumbu za su ce, a'a, marowaciyar matar Sarkin Noma ta Unguwar Ƙirya, har yanzu tana da rai? Ina da rai, kuma ga yadda abin ya faru.

Daga Danja aka kawo ni gidan nan. Kakanku ya musulunta tun yana saurayi, amma ƙanensa, Baba Nomau, yana nan a tsallaken rafi da addinin iyayensu har ya bar duniya, kuma ba a taɓa yin suna ko rasuwa a gidan nan babu shi ba. Abubuwa da yawa na da an bar su, amma akwai ɗaya da ba a bari ba, shi ne iri a hannun mace yake. Surukata, wadda muke ce wa Iya, ita ta koya mini. Kafin a fara yankan dawa za mu shiga gona mu biyu, tana gaba ina baya, tana taɓa zangarniya tana wucewa, sai wadda ta cika ta yi nauyi za ta ce in yanko. Mu ɗaure su ƙanana-ƙanana, mu barbaɗe da toka saboda ƙwari, mu jera a ƙaramin rumbu, a liƙe baki da laka. Ba a buɗewa sai ruwan shuka ya jiƙa ƙasa, kuma namiji ba ya hawa tsaninsa. Dawar kuwa kaura ce ta gidan nan tun kaka da kakanni, ba ta kwanciya in an yi iska, wuta-wuta ba ta cin ta kamar yadda take cin sauran, tuwonta kuma yana da wani ja-ja da ko makaho zai gane a baki. Shekarar da ƙafafun Iya suka gaza, ta kira ni ta ɗora hannuna a kan tsanin.

"Wanda ya roƙe ki tuwo ki ba shi, ko na bakinki ne," in ji ta. "Wannan kuwa ba naki ba ne, ba na mijinki ba ne. Na baɗi ne."

Babanku, Allah ya jiƙansa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ban ga manomi irinsa ba. Rana ba ta taɓa fito masa a gida da damina ba, kuma in ya kama garmar shanu, kunyarsa miƙe take kamar an ja zare. Mutum ne mai dariya a lokacin. Ba ya kiran sunana, Ta Danja yake ce mini, in ya dawo daga gona tun daga zaure za ka ji yana cewa Ta Danja, yau me aka tuƙa wa bawan Allah? Ni kuwa sunansa na yanka da duniya ta yi ta kira daga baya, har yau bakina bai taɓa furta shi ba, Malam nake ce masa. Mun yi zaman da ba zan ce komai a kansa ba sai alheri, har shekarar da ruwa ya yi mana yadda muke so. Ya sami taki a kan lokaci, ya kira gayya sau biyu, dawa ta yi abin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Da aka gama ɗauri aka jera dammuna a bakin gona, wani maroƙi da ake ce wa Ɗan Mairo ya bi su yana taɓawa da sanda yana ƙirga, ya juyo ya ɗaga murya ya ce sun kai dubu. Wallahi da za a mayar da ni wannan yammacin, da na ba shi akuya ya rufe bakinsa.

Ku 'yan yanzu ba ku san abin da dubu ke nufi a wurin manoman ƙasar nan ba. Wanda ya ɗaure dami dubu, in ya so, yakan yi biki a naɗa masa rawanin Sarkin Noma. Amma bikin ba na ci da sha kawai ba ne. Zai buɗe rumbunansa ya ciyar da duk wanda ya zo, ya bi mutane da dami, kuma daga ranar ba ya mayar da mai roƙon hatsi hannu wofi. Kafin mako ya zagayo zaurenmu ya cika da masu zuga. Wannan ya ce rabon da a yi a yankin nan tun yana yaro, wancan ya ce in bai yi ba ya raina baiwar Allah. Baba Nomau ya tsallako rafi da sandarsa, ya zauna a gindin ƙiryar ƙofar gida, ya ce shi ya ga mutum biyu da suka yi bikin nan a rayuwarsa, kuma yau ba a hura wuta a gidan ko ɗaya daga cikinsu. Babanku ya yi dariya, ya ce Baba ai wannan camfin mutanen da ne, mu yanzu mun san Allah ke bayarwa.

"Ban ce maka iskoki ne suka ci su ba, ɗana," in ji tsohon. "Mutane ne suka ci su, ina tsaye ina gani."

Bai ji ba. Ni ma na faɗi nawa a ɗaki, ya ce Ta Danja, ke dai ki tanadi muciya. Sai kuma wani mutumin gidan rediyo ya zo da na'urar ɗaukar magana, ya zauna da shi a zaure, aka sa hirar a shirin manoma. Wannan shi ya ƙarasa mu. A da sunansa iyakarsa kasuwannin da yake ci, yanzu ya shiga ɗakin kowa. Ranar biki motocin haya suka riƙa sauke mutane a bakin hanya, babura kuwa ba a magana. Daga Matazu, daga Dandume, daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba. Mu mata muna bayan gida cikin hayaƙi, mun tuƙa tuwo har tafin hannuna ya saluɓe, ban ga lokacin da wakilin hakimi ya naɗa rawanin ba, gangar noma kawai na ji ta canza murya mata suka yi guɗa. Rumbu ɗaya bayan ɗaya aka riƙa cire jinka ana miƙo dami, kowa ya karɓa ya ɗora a kai ko a bayan babur ya yi gaba. Kwanaki aka yi ana haka, kafin la'asar ta ranar ƙarshe manyan rumbuna duk sun zama fanko, mutane kuwa ba su ƙare ba.

Ina wanke tukunya na ji ganga ta matso har cikin gida, abin da ba a taɓa yi ba. Ɗan Mairo ne a gaba, yana nuna bayan ɗakina da sanda, yana cewa ga wani can a liƙe, Sarkin Noma ba ya kwana da rumbu a rufe baƙi na tsaye. Babanku na biye da shi, rawani ya rufe masa rabin fuska, idanunsa sun yi ja saboda kirari. Na san mijina. Na ga ba ya jin komai a wannan lokacin sai gangar nan. Ya ce da samari su hau su fasa bakin. Ban san lokacin da na saki tukunyar ba. Na riga su isa, na hau tsanin na zauna a kai, zanena duk baƙin tukunya, ɗankwalina ya zame.

"Ta Danja, sauko," ya ce.

"Malam, wannan iri ne."

"Na sani. Allah zai ba da wani. Sauko, mutane na kallo."

"Sai dai a ɗauke ni da tsanin."

Ganga ta yi shiru. Ban taɓa jin shiru irin wannan a gida mai cike da mutane ba. Ina jin tsoro, kada wani ya gaya muku jarumtaka ce. Ina ganin fuskar Iya ne kawai a zuciyata, ga ku kuma ƙanana kun maƙale a bakin ɗaki, ina tunanin me za a zuba a rami in ruwa ya sauka. Wani daga baya ya yi dariya, wannan dariyar ce ta kashe ni. Babanku ya dube ni, ya dubi jama'a, ya ɗaga hannu ya rantse da Allah cewa muddin yana numfashi ƙwaya ɗaya daga rumbun nan ba za ta shiga gonarsa ba. Ya juya ya fita, aka bi shi. Wannan ce rana ta ƙarshe da na ji Ta Danja a bakinsa.

Kafin motocin su gama tashi Ɗan Mairo ya haɗa waƙarsa, wai Mai Rumbu ta hau tsani, baƙon Sarki ya koma da yunwa. 'Yan mata suka ɗauke ta a dandali. In na shiga gidan biki sai in ga mata na taɓa juna. Yayana ya taso takanas daga Danja ya ce na zubar musu da mutunci, a kasuwa ana nuna shi ana cewa ga ɗan'uwanta. Babu wanda ya tambaye ni me ke cikin rumbun, kuma ban bi kowa na yi masa bayani ba, don na gaji. Haba, mutumin da ya ci tuwon da na tuƙa har ya lashe hannu, shi zan tsaya ina gaya wa ni ba marowaciya ba ce?

Da rani baƙi ba su daina zuwa ba. Sun ji a rediyo, sun ji a bakin waɗanda suka dawo da dami, kowa da buhunsa a naɗe a hammata. Wasu da gaske yunwa ce ta koro su, wasu kuwa wallahi sun fi mu ƙiba. Babanku ba ya iya cewa babu, rawanin ya hana shi. Ya sayar da shanun huɗa ya sayo hatsi a kasuwar Dandume yana rabawa, don kada a ce an zo gidan Sarkin Noma an koma haka. Da ruwan shuka ya sauka, cikin dubban da suka ci nasa babu wanda ya aiko masa da ko zangarniya ɗaya. Ya je kasuwa ya auno dawar da aka tara daga gonaki daban-daban ya shuka a gandu. Liman ya same shi ya ce rantsuwa irin wannan tana da kaffara, ya yi ya huta, ya karɓi irin gidansu. Ya ce ba rantsuwar ce ta dame shi ba. Me za a ce a gari in aka ji Sarkin Noma ya miƙa ƙwarya wurin matar da ta kunyata shi a gaban duniya?

Na nemi dabara. Na buɗe rumbun, na ɗebi rabi na kai wa Baba Nomau, na roƙe shi ya kawo wa ɗansa a matsayin nasa, tunda kaurar ɗaya ce, uwa ɗaya ta raba musu shi da kakanku. Tsohon ya yarda, ya ɗauko da kansa ya kawo zaure. Abin da na manta shi ne ɗauri. Kowace mace da yadda take ɗaure irinta, ni nawa da ganyen kaba nake yi in juya bakin sau biyu in soke ta ƙasa, yadda Iya ta koya mini, babanku kuwa ya yi shekaru yana ganin hannuna a kai. Ya yi wa Baba Nomau godiya, ya raka shi har bakin rafi. Da ya dawo ya kwaso dawar ya ajiye a ƙofar ɗakina. Na zauna a wurin na yi kuka har na gode Allah, sannan na tashi na ɗauki sungumi.

Na shuka gayaunata, ɗan filin da ake ba mace nata na kanta, Baba Nomau ya ƙara mini da gefen tasa gonar. Ta gandu ta fito wata doguwa wata gajera, wata ta nuna wata ko ciki ba ta yi ba, wuta-wuta ta bi sauran. Wannan shekarar da kaurar gayauna kuka rayu, da shekaru masu yawa bayanta, don gandun bai sake komawa yadda yake ba, kuma gefen da ke bakin hanya sayar da shi aka yi saboda baƙi. Sunan kuwa bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Duk taron manoma sai an aiko masa da mota, a zaunar da shi a kujerar gaba, a ɗauki hoto. Ya dawo da yamma ya cire rawani, in kai masa tuwo mai ja-ja, ya san daga inda ya fito, ya ci ya wanke hannu. Bai taɓa ƙin ci ba, bai kuma taɓa cewa komai ba. In zai yi mini magana sai ya ce ke. Ke, an kawo ruwa? Ke, yaron nan ya dawo? Bai zage ni ba, bai kore ni ba, bai rage ni da sutura ba in yana da ita. Amma mutumin da ke shigowa da dariya tun daga zaure, shi ban sake ganin sa ba, kuma na yi kewarsa ina kwana gida ɗaya da shi. Wannan shi ne abin da na biya. Ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi, amma da za a sake jingina tsanin nan a sake buga gangar nan, zan sake hawa.

Shi ya sa da Nafisa ta gama bayaninta na shiga tunani. Kalmar da kuka sa ba ƙarya ba ce. Waɗanda ba su taɓa ganin sa ba sun san sunansa, ƙwarai kuwa, kuma a kan noma ya yi sunan. Sai dai cikinsu babu wanda ya san abin da yake ci da dare a gidansa, kamar yadda masu rera waƙata babu wanda ya san me na zauna a kai.

Saura abu ɗaya, kuma kai nake wa magana, Babangida. A ciwonsa na ƙarshe, wata la'asar, lokacin da dawa ta yi ciki, na dama masa kunu na kawo. Na iso bakin ƙofa na ji yana magana da kai, sai na tsaya a bayan asabari. Kai ba ka san ina wurin ba, shi kuwa ina jin ya sani, don ya san takuna. Muryarsa ta yi ƙasa amma na ji kowace kalma.

"Ƙaramin rumbun nan, kada ka bari a taɓa shi. Abin da uwarka ta ce a kansa, shi ke nan."

Ka ce to, Baba. Na ɗaga asabarin na shiga, na tallafe shi ya sha. Ya tsaya yana duban kunun a cikin ƙoƙo, ya tambaye ni ko na gayauna ne. Na ce eh, Malam. Ya ce ya yi daɗi. Na tsaya da ƙoƙon a hannuna ina jira ko zai ƙara da sunan nan da yake kira na da shi a da, ko sau ɗaya. Bai ƙara ba, ya rufe ido ya yi barci. Bai ga yankan dawar shekarar ba.

To ga shi kun ji. Ku rataya hotonku inda kuka ga dama, ku bar rubutun yadda yake, ya cancanta. Ku kira baƙinku daga duk inda kuke so, zan sa a tuƙa musu tuwo da kaurar nan su ci su ƙoshi, kamar yadda iyayensu suka ci. Amma irin bana yana cikin rumbun, ni na zaɓe shi da hannuna ina dogara sanda, na barbaɗe shi da toka na sa an liƙe. Na gaji, 'ya'yana, kada ku sa ni in sake yin suna da tsufana. Gwiwoyina ba sa hawa tsani yanzu. Na dai sa Nafisa ta shimfiɗa mini tabarma a gindinsa, in maginin ya zo a nan zai same ni.